DABBAR DA KE CIKIN WAYA DA DABBAR DA KE CIKIN GIDA

Hirar gidan rediyo domin ɗaliban yaƙi da jahilci

Gaisuwa ta musamman ga manoma da makiyaya na gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jahar Maraɗi, domin hirarmu ta yau a ƙasarsu za ta sauka. Wanda ke kusa da akwatin rediyo ya ƙara matsowa. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta sannu a hankali, kuma ya karanta wa na kusa da shi.

Yau maganar dabbobi za mu yi: waɗanda ke ba mu dariya cikin wayar salula, da waɗanda ke jiran taimakonmu a tsakar gida.

1. Abin da ke ba mu dariya

Ku bi babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Gidan Rumji, ta bi Tibiri da Maraɗi, ta ratsa Cadawa da Agye, har ta kai Gazawa. Duk inda ka tsaya, a teburin mai shayi ko a rumfar mai cajin waya, za ka tarar da samari sun haɗa kai bisa waya guda suna ƙyalƙyala dariya. Leƙa ka gani. Sau da yawa dabba ce suke kallo. Ga ɗan akuya ya ɗare bayan jaki ya ƙi sauka. Ga mage ta ga kanta cikin madubi ta zabura. Ga bunsuru yana kuka kamar mutum. Wani ma sai ya ɗora murya bisa hoton, ya sa jaki yana magana da Hausa, yana kai ƙarar maigidansa. Ana tura waɗannan hotuna masu motsi, wato bidiyo, ta WhatsApp, Facebook da TikTok. Wanda ba shi da kuɗin intanet, abokinsa ya zuba masa cikin katin waya.

Dariya da dabbobi ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun muna yara kakanninmu ke ba mu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da ta kura mai kwaɗayi, da ta dila sarkin wayo. Karin maganarmu ma cike take da dabbobi. Wa bai taɓa jin an ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki ba? Waya dai sabuwar tabarma ce da anka shimfiɗa wa tsohuwar hira.

Haka abin yake a sauran duniya. Bidiyo na farko da anka sa cikin YouTube, ran 23 ga Afrilu 2005, wani saurayi ne tsaye gaban giwaye a gidan ajiye namun daji na San Diyego, cikin Amurka. Tsawonsa daƙiƙa 19 ne kacal. Tun daga ranar, dabbobi ba su bar intanet ba.

2. Me ya sa ƙaramar dabba ke shiga rai?

Ku lura da kanku. Babban bunsuru ba ya ba ka sha'awar ɗauka. Amma ɗan akuya mai kwana 2, yana tafiya yana tangaɗi, sai ka ji kana son ka rungume shi. Mene ne dalili?

A shekara ta 1943 wani masanin halayen dabbobi, Konrad Lorenz, mutumin ƙasar Ostiriya, ya yi bayanin wannan abu. Ya nuna cewa jaririn mutum da jaririn dabba suna da kama iri ɗaya: babban kai bisa ƙaramin jiki, manyan idanu, gajeren hanci, jiki mai taushi, da tafiya marar ƙwari. Idan ido ya ga wannan kama, zuciya takan motsa da tausayi. Wannan tausayin shi ke sa uwa ta tashi tsakar dare domin jaririnta. Ashe ke nan, abin da ke motsa mu gaban waya abu ne mai kyau, kuma mai amfani.

Sai dai so idan babu hankali yakan cutar. A watan Yuli 2024 anka haifi wata ƴar dorina a gidan namun daji na ƙasar Tailan, anka sa mata suna Moo Deng. Irin dorinar nan ce ƙarama, wadda asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, wajen Laberiya da Saliyo. Hotunanta sunka bazu duniya, jama'a sunka yi ta tururuwa zuwa kallonta. To, sai wasu sunka riƙa watsa mata ruwa, suna jifarta da abubuwa, wai ta farka su ɗauki hoto. Dole masu gidan sunka taƙaita lokacin kallo, sunka sa na'urar tsaro. Kun ga, masu sonta ne sunka zama masu takura mata.

3. Dariya iri uku

Jama'a, bidiyon dabbobi iri uku ne. Ya kamata mai karatu ya iya rarrabe su, kamar yadda yake rarrabe baƙi da wasali.

Na farko, wanda ba ya cutar da kowa. Ɗan rago yana tsalle, jaki ya ga toka yana birgima, kaza tana korar kare domin ƴan tsakinta. Dabba tana halinta, mutum ya ɗauka. Wannan a yi dariya, a tura wa dangi, ba laifi.

Na biyu, wanda anka wahalar da dabba domin a ba mutane dariya. An ɗaura wa kare gwangwani a wutsiya. An jefa mage cikin ruwa. An labta wa jaki kaya har amalanke ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa na lilo. An ba akuya leda tana ci, ana shewa. Wannan zalunci ne da anka yi wa kwalliya. Yaro ya gani, gobe ya gwada bisa dabbar gidanku.

Mu tsaya kaɗan bisa maganar leda. Cikin akuya ba ya narkar da leda. Takan taru cikin tumbi, ta dunƙule, ta tare wurin abinci. Sai ka ga akuya tana ramewa alhali cikinta ya yi girma. Mahauta shaida ne, sun sha fid da ƙullin leda daga tumbin dabba. A 2014 ƙasarmu ta yi doka wadda ta hana yin irin ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da saida ta. Amma leda tana nan bisa juji da bakin kasuwa. Mu tsince ta daga inda dabbobinmu ke kiwo.

Na uku, na ƙarya. Za ka ga ɗan kwikwiyo maciji ya nannaɗe shi, sai ga wani mutum ya fito ya cece shi. Tambayi kanka: yaya anka yi mai ɗaukar hoto ya riga kowa zuwa wurin? Me ya sa ya tsaya ɗauka bai kai agaji ba? An gano cewa da yawa cikin irin wannan, mutumin da kansa ya sa dabbar cikin haɗari, don yawan masu kallo yana kawo masa kuɗi. Abin ya yi yawa har YouTube ya kafa dokar hana shi a 2021. Ban da wannan, yanzu kwamfuta tana iya ƙera bidiyon da bai taɓa faruwa ba: zaki yana shayar da ɗan rago, ko mage tana tuƙa babur. Da can mukan ce gani ya kori ji. Yau gani ma sai an bincika. Idan kuma anka ce ka aika kuɗi domin a ceci wata dabba da ba ka san inda take ba, riƙe kuɗinka.

Ga ƙa'ida mai sauƙi: duk bidiyon da anka cuci dabba cikinsa, kada ka tura. Turawa ita ce ladan mai yin sa.

4. Ceto na gaskiya

To, yaya ceto na gaskiya yake? Misali yana nan cikin jaharmu. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma ya kusa ƙarewa daga duniya. A 1996, guda 49 kaɗai sunka rage, dukansu a yankin Kure, kusa da Yamai. Hukuma da mutanen ƙauyukan wurin sunka haɗa kai, anka hana farautarsu. Kafin 2018 sun haura 600. A watan Nuwamba 2018 anka ɗauki guda 8 zuwa gandun dajin Gadabeji, arewacin jahar Maraɗi, inda anka yi kusan shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba. Ba a yi gaggawa ba. Sai da anka ajiye su cikin shinge wajen mako 3 sunka natsu, kana anka ɗora su bisa babbar mota, tafiyar da ta fi kilomita 800.

Abin koyo a nan shi ne: ceto yana son sani, yana son haƙuri, kuma yana ɗaukar lokaci. Bidiyo yakan ƙare cikin minti 1. Rainon maraya kuwa watanni yake ci. Mu ba mu da raƙumin dawa a gida. Amma muna da akuya, mage, kare da jaki. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

5. Marayan ɗan akuya

Jar akuyar Maraɗi abin alfaharinmu ce. An san fatarta har ƙasashen waje saboda laushi da ƙwari. Tana da nono, kuma takan haifi tagwaye. Domin kyautata irinta ne anka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi tun 1963. A ƙauyukanmu, daga Gidan Sori har Gangara, akuya ita ce asusun mace. Da ita ake sayen magani, da ita ake kayan makarantar yaro, da ita ake tara kayan ɗakin ɗiya.

Akuya tana ɗaukar ciki wata 5. Wani lokaci uwa ta mutu wurin haihuwa. Wani lokaci ta haifi uku, nono bai isa ba. Wani lokaci kuma, musamman mai haihuwar fari, ta ƙi ɗanta. Idan haka ta faru, kada a ce ƙaddara ce a zuba ido. Ga abin da za a yi.

Na ɗaya, a ɗumama shi. A share masa hanci da baki, a goge jikinsa da tsumma mai tsabta har ya bushe. Lokacin hunturu, sanyi yakan kashe jaririn akuya tun yunwa ba ta kai gare shi ba. Sa yatsa cikin bakinsa. Idan ka ji sanyi, kada ka ba shi nono tukuna. Nannaɗe shi, ka riƙe shi jikinka, ko ka kwantar da shi gefen murhu, nesa da harshen wuta, sai bakin ya yi ɗumi.

Na biyu, a ba shi dakashi. Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Shi ne rigakafin jariri. Cikinsa akwai abin da ke tsare jiki daga cuta, kuma hanjin jariri yana karɓar wannan abu ne cikin awoyin farko kawai. Bayan kwana 1 ƙofar ta kusa rufewa. Saboda haka, idan uwar tana raye, a riƙe ta a sa shi ya sha, ko a tatsa a ba shi. Idan ta mutu, a nemi dakashin wata akuya da ta haihu ranar, ko da a gidan maƙwabta ne. In babu, na tunkiya ko na saniya ya fi babu. A kwanan farko yana bukatar kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyinsa. Mai nauyin kilo 2, a raba lita gida 5 a ba shi kashi 1, amma kaɗan-kaɗan, sau 4 ko 5.

Na uku, a gyara cibiya. A tsoma ta cikin maganin wanke miki mai aidin, wanda ake samu a kantin magani. Kada a shafa toka ko ƙasa. Ta cibiya cuta ke shiga, sai ka ga gwiwoyin ɗan akuya sun kumbura.

Na huɗu, a nema masa uwar goyo. Akuya da hanci take gane ɗanta. Idan akwai wadda ta haifi ɗaya tak, ko wadda nata ya mutu, a shafa wa maraya ruwan haihuwarta, a kai mata shi. Idan ta tunkuɗe shi, a riƙe ta safe da rana da marece ya sha. Sau da yawa bayan ƴan kwanaki takan karɓe shi, domin ya fara warin nononta.

Na biyar, idan ba a sami uwar goyo ba, sai kwalba mai kan roba irin ta jarirai. A tafasa nono, a bar shi ya huce, a ɗiga bisa bayan hannu: kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi. Abin lura babba: a shayar da shi yana tsaye bisa ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi rigingine kamar jinjirin mutum, kada a ɗura masa. Nono idan ya bi hanyar numfashi ya shiga huhu, yakan kashe shi. A wanke kwalba da ruwan zafi bayan kowace shayarwa, don ƙazamar kwalba ita ke kawo zawo.

Daga mako 2 zai fara taɓa harawa mai laushi da ƴar dusa. A ajiye masa ruwa mai tsabta. Wajen wata 3 ana iya yaye shi. Da rani, ƴaƴan gawo abinci ne mai ƙarfi ga awaki. Mutanen Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, sun yi suna wajen barin itatuwa su tofo cikin gonaki. Wanda ya bar gawo a gonarsa, ya bar wa awakinsa rumbu. Idan kuma ma'aikatan kiwo sunka zo allurar rigakafi, a kai shi tare da sauran garke.

Ƴar akuyar da kika cece ta bana, ƴar'uwa, in Allah ya yarda baɗi ko bayan baɗi ita ce za ta haifa miki tagwaye. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

6. Ƴaƴan mage

Wasu na ce mata kyanwa, wasu mussa. Ko yaya anka kira ta, ita ce mai gadin rumbu. Gidan da ke da mage, ɓera ba ya sakewa da hatsi.

Yara sukan tsinci ƴaƴan mage ƙarƙashin rumbu ko cikin karan dawa, su kwaso su, wai uwarsu ta gudu. Sau da yawa ba ta gudu ba, ta tafi farauta ne. A bar su inda suke, a ja da baya, a duba daga nesa rabin yini. Waɗanda sunka ƙoshi sukan yi barci shiru, a dunƙule wuri ɗaya. Marayu su ne masu kuka ba fasawa, jikinsu da sanyi.

Idan an tabbata marayu ne, a sa su cikin kwando da tsumma, wuri mai ɗumi. Abin da ya fi shi ne a sami wata mage mai shayarwa. Nonon saniya yakan sa su zawo. In ba yadda za a yi, a ba su nonon akuya mai ɗumi, ɗigo-ɗigo, sau da yawa, dare da rana, suna kwance bisa cikinsu. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: jaririn mage ba ya iya fitsari da kashi shi kaɗai sai ya kai wajen mako 3. Uwa ce ke lasar ƙarƙashin wutsiyarsa. Saboda haka bayan kowace shayarwa a shafa wurin da tsumma mai ɗumi, a wanke hannu da sabulu. Wanda kuma ke son ɗan mage daga maƙwabta, ya jira ya kai wata 2 wurin uwarsa.

7. Ɗan kwikwiyo da haukan kare

Jama'a, a nan ku ƙara kasa kunne, don maganar rai ce.

Kare yana gadin gida, yana gadin garke. Yaro ya ga bidiyon wani ya tsinci kwikwiyo bakin hanya, shi ma ya tsinto nasa. Tausayin yana da kyau. Amma karen da ba a san asalinsa ba yana iya ɗauke da ciwon haukan kare, ko da ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen dubu 59 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10, kimanin 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu daga kare sunka ɗauka.

Ciwon yana cikin yawun dabba. Yana shiga ta cizo, ta yakushi, ko idan kare ya lashi miki. Ba ya bayyana nan take. Yakan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, wani lokaci mako 1, wani lokaci har shekara. Miki ya warke, kowa ya manta. Amma ranar da alamu sunka fito, mutum ya fara tsoron ruwa, to magani ya ƙare. Kafin wannan rana kuwa, allura tana tsare rai sarai. Tun 1885 Louis Pasteur, mutumin Faransa, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da irin wannan allura.

Yaya ake gane kare mai ciwon? Halinsa yakan sake. Mai faɗa ya yi laushi, mai laushi ya yi faɗa. Yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta canza. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan: sai bakinsa ya saki, ya kasa haɗiya, mutane su zaci ƙashi ne ya maƙale masa. Kada ka sa hannu cikin bakin irin wannan kare. Mage, jaki, akuya da saniya su ma suna kamuwa.

Idan kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi:

Ɗaya: a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu, ana zuba ruwa ana cuɗawa, har minti 15. A duba agogon waya, kada a rage.

Biyu: kada a zuba toka, ƙasa ko barkono, kada a ɗaure wurin tamau.

Uku: a tafi likita ranar nan, ko da mikin ƙarami ne. A faɗi cewa kare ne. A karɓi allura, kuma a cika dukan ranakun da anka rubuta.

Huɗu: idan karen na gida ne, a tsare shi wuri guda kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa, a sanar da ma'aikatan kiwo. Amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a tafi likita.

Ku gaya wa yaranku: wanda kare ya ciza ya faɗa, ba za a buge shi ba. Yaro da yawa yakan ɓoye cizo don tsoron faɗan uba. Wanda kuma ke son riƙe kare, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura. Masana sun nuna cewa idan anka yi wa kare 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yakan daina yawo. Rigakafi ya fi magani. Kowace shekara, ran 28 ga Satumba, duniya tana tunawa da yaƙi da wannan ciwo.

8. Jaki

Babu dabbar da ake yi wa dariya kamar jaki, kuma babu wadda ta kai shi yi mana wahala. Shi ke jan ruwa a rijiya mai zurfi. Shi ke kai taki gona, ya kwaso damman hatsi. Shi ke jan amalanke zuwa kasuwa, wani lokaci da mai naƙuda ciki zuwa likita.

Mun kusa sanin darajarsa ta hanya mai zafi. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki ana yin wani magani da ita. Masu saye sunka bazu cikin Afirka. A 2015 jakai dubu 27 anka fitar daga Nijar. A 2016, tun shekara ba ta ƙare ba, sun kai dubu 80, kuɗin jaki ya yi tashin da talaka ba ya iya saye. A shekarar nan gwamnati ta hana fitar da jakai. A watan Fabrairu 2024, shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, sunka amince da hana yanka jakai domin fata a nahiyar duka. Dalili a fili yake: jaka tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya. Abin da anka yanka cikin wata, sai an yi shekaru ba a mai da shi ba.

Ceton jaki ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A sa masa akumari mai laushi. A daidaita mangala, kada gefe ya fi gefe nauyi. A daidaita kayan amalanke bisa ƙafafun amalanken, kada nauyi ya koma baya ko ya danne masa gadon baya. Idan miki ya fito, a wanke da ruwa mai ɗan gishiri, a hutar da shi har ya warke. Kada a zuba baƙin man mota bisa miki. A ba shi ruwa da inuwa da tsakar rana. A duba kofatonsa, a cire tsakuwa da ƙaya. Jaki ba ya nuna ciwo da wuri. Idan ka ga ya sunkuyar da kai, ya ƙi abinci, to abin ya yi nisa, nemi likitan dabbobi.

9. Na daji a bar shi daji

Saura kalma ɗaya. Wani yakan ga ɗan biri ko ƴar barewa cikin waya, sanye da riga, ya ji yana son nasa. Ku sani, kafin a sami ɗan, sau da yawa uwar anka kashe. Biri idan ya girma yana cizo. Ƴar barewa da wuya take rayuwa a ɗaure. Kuma ƙasarmu tana da dokar farauta da tsaron namun daji tun 1998. Wanda ya tsinci naman daji mai rauni ya sanar da ma'aikatan gandun daji.

Malamanmu suna karantar da mu labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa ya sami gafara, da na matar da ta kulle mage ba ci ba sha ta gamu da azaba. To, ƴan'uwa, idan kun gama dariya kun ajiye waya, ku leƙa turke. Ku duba ko akwai ruwa cikin kwatarniya, ku duba bayan jaki, ku ƙirga ƴaƴan awaki.

Tambayoyi domin tattaunawa a cibiya

1. Bidiyon dabbobi iri nawa munka ambata? Wanne ne bai kamata a tura ba?
2. Mene ne dakashi? Me ya sa ake gaggawar ba da shi?
3. Yaya ake riƙe ɗan akuya lokacin shayar da shi da kwalba?
4. Minti nawa ake wanke cizon kare? Bayan wanki, ina za a nufa?
5. A garinku, ina ma'aikacin kiwo mafi kusa yake? Wa ya san lambar wayarsa?

Aikin rubutu: kowane ɗalibi ya rubuta waɗannan kalmomi cikin littafinsa: akuya, dakashi, cibiya, sabulu, allura, akumari. Sannan ya rubuta sunayen dabbobin gidansu, da yawan kowace iri. Malami ya rubuta lambar ma'aikacin kiwo bisa allo, kowa ya kwafa.

Cibiyar da ke da tambaya ko labari bisa wannan hira ta rubuto mana ta hannun malaminta. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.